Gafakar Kutemeshi da Masu Riƙe da Makullin Laburare

Ranar da gudu ya kama mutum, 'ya'ya yake fara ɗauka, sai ɗan hatsi in hali ya yi. Gafaka takan zauna a rataye a zaure. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna addabar gabashin Birnin Gwari, daga Kutemeshi zuwa Kuyello, Tabanni, Damari da Dogon Dawa, an ƙirga rayuka, an ƙirga shanu da gonakin da suka koma saura. Ba a ƙirga takardu ba. A garin Hausa mai tsohon masallaci da tsangaya, da wuya a rasa malamin da ya gaji Alƙur'ani rubutun hannu mai zayyana, da littattafan fiƙihu da kakanni suka kwafa, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da wasiƙun sarauta. Haka nan kaset-kaset na makaɗan noma da na farauta waɗanda ba su taɓa shiga gidan rediyo ba. Abin da wuta ta bari, gara da ɗigar damina suna nan suna jiransa.

Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024 har kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta sake ci, ana ta maganar gyaran hanya da makarantu da asibiti, kuma daidai ne. Ni tawa tambayar ita ce: wa zai je ya duba gafakokin nan? Amsar tana Zariya da Kaduna, a hannun wasu ma'aikata da ba a cika jin muryarsu ba.

Ina nufin ma'aikatan laburaren jami'a waɗanda suka kai tsakiyar aiki, masu shekara goma zuwa ashirin a kujera, musamman masu kula da ɓangaren fasaha, adabi, waƙa da tsofaffin rubuce-rubuce. Sun wuce sabon ɗauka da ake koya wa jera littafi a kanta, ba su kai shugaban laburare mai zama a majalisar jami'a ba. Su ne suka san wane kwali ne ruwa ya taɓa, wane kaset ne ya fara cin zare, wane dattijo ne zai yarda a ɗauki hoton takardunsa in an je masa da ladabi, wane ne kuma sai an haɗa da limamin garin.

Zariya tana da tarihin da ya isa a yi tinƙaho da shi. A 1958 ɗaliban zane irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta sauya fuskar fasahar Nijeriya. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, babban laburarenta yana ɗauke da sunan Kashim Ibrahim. A 1968 ta fara koyar da ilmin laburare, kuma daga wannan sashe ne jami'o'in Arewa da yawa suka sami ma'aikatansu. Shirin Binciken Tarihin Arewa ya tura masu bincike irin su Murray Last gari-gari suna ɗaukar hoton littattafan malamai. Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. A 1988 jami'ar ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, wato ta yarda a bainar jama'a cewa kalangu ma ilmi ne. Duk wannan aiki ya tsaya ne a kan mutanen da aka ba mota, aka ba kuɗin tafiya, aka ce musu su je su yi.

Yau fa? Ma'aikacin laburare a jami'ar Nijeriya ana lissafa shi cikin malamai, don haka ƙarin girmansa yana rataye da yawan maƙalun da ya buga a mujallun ilmi da kuma digirin digirgir. Tsanin yana da matakai da yawa, kujerar sama kuwa ɗaya ce tak, wa'adinta shekara 5. Mutum mai hankali zai duba ya ga cewa wata shida da zai yi yana tantance kundin wani malami, yana gano marubucin kowace takarda da shekarar da aka kwafe ta, ba za su ɗaga shi ko taki ɗaya ba. Maƙala biyu kan yadda ɗalibai suke amfani da intanet kuwa za su ɗaga shi. Ba laifinsa ba ne in ya zaɓi maƙalar. Iyali gare shi. Asarar tana kan al'umma, domin wanda ya iya karanta ajamin Hausa da rubutun warash, ya kuma san ƙa'idar rajistar littafi ta zamani, ba a samunsa a kasuwa. Shekaru ne suke gina shi, kuma daidai lokacin da ya nuna ake janye shi daga aikin.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta fi ci mini rai. Ana naɗa mutum shugaban sashe da takarda guda, ba tare da an taɓa koya masa tsara kasafi, ko rubuta takardar neman tallafi, ko sasanta ma'aikata biyu da suka daina gaisawa ba. Ana ba shi nauyi, ba a ba shi iko. Na taɓa zama da wata baiwar Allah mai kula da ɗakin tsofaffin takardu a wata jami'a, ta nuna mini fankar da ta saya da kuɗinta saboda zafi yana ƙona takardun. Makullin ɗakin yana jakarta, amma ko kwali ɗaya ba ta da hurumin saye sai takarda ta zaga ofis huɗu. Ta faɗa mini haka ba da ƙorafi ba, tana goge ƙura da gefen mayafinta. Na fita daga ɗakin ina jin kunya.

Wanda yake shakkar abin da ma'aikacin tsakiya zai iya, ya dubi Timbuktu. Da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, Abdel Kader Haidara, mai kula da laburaren gidansu, da abokan aikinsa ne suka cusa dubban littattafai cikin akwatunan ƙarfe, aka fitar da su a mota da kwalekwale zuwa Bamako. A Janairun 2013 aka cinna wa wasu daga cikin na Cibiyar Ahmed Baba da ke garin wuta. Da yawa daga abin da ya tsira ya tsira ne saboda iyalan da suka mallaki littattafan sun san Haidara tun yana yawon tattara su, sun amince da shi. Amana irin wannan ba a rana ɗaya ake ƙulla ta ba, kuma ba daga ofishin sama ake ƙulla ta ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Kwamitin ƙarin girma ya riƙa lissafa kundin rajistar tsofaffin takardu da adana kaset a matsayin aikin ilmi, daidai da maƙala. Daga kason laburare da asusun TETFund yake bayarwa, a ware ɗan abin da shugaban sashe zai kashe da sa hannunsa, ya kawo lissafi ƙarshen shekara. Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wadda take nan tun 1962, da hukumar rajistarsu da dokar 1995 ta kafa, su haɗa manyan da suka yi ritaya da na tsakiya, a koya musu shugabanci kafin a ɗora musu shi. Tallafin waje ma yana nan: Laburaren Birtaniya yana da shiri tun 2004 na ceto takardun da suke cikin haɗari, kuma wanda ya san kayan ne ya fi iya rubuta takardar neman.

Ba cewa nake a kwashe gafakar kowa a kai laburaren jami'a a Samaru ba. Littafin malam gado ne, da shi ake karantar da almajirai, kuma mai shi yana da gaskiya in ya ƙi rabuwa da shi. Kyamara ce za a je da ita, a ɗauki hoto shafi-shafi a zauren mai shi, a bar masa kwafi da kwalin da zai kare asalin daga laima, a rubuta sunan gidan a rajista.

Ina roƙon Masarautar Birnin Gwari ta sa hakimai da limamai su fara tambayar wane gida ne yake da sauran takardu a Kutemeshi da maƙwabtanta. Shugabannin laburare na Zariya da Kaduna kuma, ku zaɓi mutum biyu daga cikin na tsakiyarku, ku ba su mota da kuɗin hanya da ikon yanke shawara, su tafi kafin damina ta sauka.