Littafin da Delacroix ya cika a kan sirdi

Yau shirin zai kai mu ƙasar Maroko a shekarar 1832, wurin wani mai zane ɗan Faransa da wani ɗan littafi da bai fi shiga aljihu ba.

Sunan mutumin Eugène Delacroix. Faransa ta fara mamaye Aljeriya a 1830, sai sarkinta ya tura jakada, Charles de Mornay, wurin Sarkin Maroko Maulay Abdurrahman, aka haɗa da mai zanen cikin 'yan rakiya. Suka sauka Tanja a watan Janairu, suka isa Miknas a watan Maris. Wannan shi ne dalilin tafiyar a taƙaice. Abin da ya fi jan hankalin shirin nan shi ne abin da ke hannun Delacroix.

Littattafai bakwai ya cika a tafiyar da ta kusa wata shida. Huɗu ne suka saura har yau, uku a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, ɗaya a garin Shantiyi. Wanda ya buɗe su yana sa ran ganin zane tsaf-tsaf zai sha mamaki. Shafi guda, ga ƙofar gari, ga doki rabi da rabi, ga wani mutum a tsugune cikin alkyabba, rubutu kuma ya kutsa ta tsakaninsu, wani a karkace, wani ya hau kan zanen. Da fensir yake farawa ko alƙalami da tawada, sau da yawa yana bisa doki ana tafiya, shi ya sa layukan ke rawa. In lokaci ya ƙure masa, sai ya rubuta sunan launin da kalmomi a gefe, cewa nan ja ne, can kore, inuwar bangon nan shuɗiya ce. Sai an yada zango ya ɗauko burushi da ruwa ya zuba launin tun bai manta ba.

Tun bai manta ba, masu sauraro. Tsoron mantuwa ne ya cika littattafan nan. A Miknas ma zanen bai zo masa da sauƙi ba, don mutanen gari ba su son baƙo ya tsaya yana zana su, fita ma sai da rakiyar soja. Dole hannunsa ya koyi sauri.

Ranar 22 ga Maris Sarki ya fito bisa doki, ana riƙe masa laima, ya karɓi jakadan a gaban ganuwa. Delacroix ya kwashe abin da idonsa ya iya kwasa. Sai bayan shekara 13, a 1845, ya fitar da babban zanen wannan fitowar, wanda yanzu yake garin Tulus. Haka bikin auren Yahudawa da ya halarta a Tanja: ya rubuta wa ya zauna ina, ta ina haske ya shigo, sannan aka baje zanen a 1841. Bai sake taka Maroko ba har ya rasu a 1863, amma bai daina komawa ga waɗannan shafuka ba.

To, mai son koyon irin wannan zane fa? Kayan aikin ba su da yawa: takarda mai ɗan kauri wadda ruwa ba zai yamutsa ba, alƙalami, burushi ɗaya, da tawada. Ana fara jan layi, a bari ya bushe. Sannan a ɗiga tawada a ruwa a sami kala uku, mai haske, matsakaiciya da mai duhu. Da mai haske ake farawa, domin ana iya ƙara duhu amma ba a iya cire shi. Inda rana ta fi haskawa kuwa ba a taɓa shi, farin takardar ne hasken.

A nan akwai abin da duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya sani. Tawadar gawayi da ƙaro tana bin ruwa, shi ya sa ake wanke allo a sake rubutu. In aka zana da ita aka bi da jiƙaƙƙen burushi, layin zai narke ya bazu ya zama inuwa, kuma masu zane da yawa da gangan suke neman hakan. Mai son layinsa ya tsaya daram sai ya nemi tawadar kanti wadda ruwa ba ya ɗagawa in ta bushe, ya fara gwada ta a gefen takarda.

Lokaci ya kusa cimma mu. A kowane shafi a rubuta kwanan wata da wurin da aka zauna, da launin da ba a samu damar zubawa ba. Shafin da ya lalace kada a yage shi, a juya na gaba.