Injin Yankan Itace a Potiskum: Ƙarfi, Ƙarko da Abin da Ba a Rubuta a Jikin Kwali Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Potiskum cikin hunturu ya san da hayaƙi garin yake farkawa. Kafin a sallame sallar asuba masu shayi sun hura wuta, gidajen burodi sun cika tanderu da itace, masu ƙosai da waina sun ɗora kasko, a cikin gidaje kuma ana ɗumama wa 'yan makaranta ruwan wanka. Garin mahaɗa ne: hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa shi, ta Bauchi da ta Gashuwa sun same ta a nan, kasuwar shanunsa kuma tana cikin manya a Afirka ta Yamma. Fatake da direbobin manyan motoci da 'yan kamasho duk sai sun ci abinci, kuma kusan duk abin da za su ci a kan itace ko gawayi aka dafa shi.

Tun bayan janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin gas ɗin girki ya yi tashin gwauron zabo, kananzir kuwa dama ya daɗe da fin ƙarfin talaka. Gidaje da yawa da suka yi sallama da murhu sun koma gare shi. Sana'ar itace ta ƙara daraja, kuma inda a da sai gatari, yanzu ana jin kukan inji a bakin gari da cikin gonaki.

Nan ne maganar ta iso Abuja. Ma'aikaci na zaune a ofis, ƙanensa ya bugo waya daga gida: Yaya, a taimaka mini da injin yankan itace in riƙa neman na kaina. Ko kuma hadimin ɗan majalisa yana tsara jerin kayan tallafi na mazaɓa, tsakanin keken ɗinki da injin markaɗe wani ya ce a saka wannan ma. Sai a shiga YouTube a ga Bature a dajin Amurka yana gwada injuna uku a kan gungume, yana riƙe da agogo. Gwajin ba ƙarya ba ne, sai dai a cikin sanyi aka yi shi, da fetur mai tsabta, a kan itacen da bai taɓa ganin ƙurar hunturu ba, kuma shagon dillalin kamfanin yana kusa da shi.

Injunan da ake kira matsakaita su ne waɗanda girman injinsu ya kama daga cc 45 zuwa 60 ko sama kaɗan, da ruwan zarto, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, mai tsawon inci 16 zuwa 20. Sunaye uku suka fi fitowa: Stihl na Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, Husqvarna na Suwidin, da ya faro a 1689 da ƙera bindigogi, sai Echo na Japan. A wajen Stihl, MS 250 yana da cc 45.4, ƙarfin kilowat 2.3, nauyin kilo 4.6. MS 271 yana da cc 50.2 da kilowat 2.6, amma nauyinsa ya kai kilo 5.6. MS 261, na ƙwararru, girman injinsa ɗaya da 271, sai dai yana ba da kimanin kilowat 3 kuma bai kai kilo 5 ba. Husqvarna 455 Rancher yana da cc 55.5 da kilowat 2.6, Echo CS-590 kuma cc 59.8, dukansu biyu suna wajen kilo 6. Waɗannan nauye-nauye duk ba a haɗa da sarƙa da ruwan zarto da mai ba.

Abin lura shi ne yawan cc ba shi ne ƙarfi ba: 455 ya fi 261 girma, ya fi shi nauyi, amma bai kai shi ƙarfi ba. Kilo ɗaya kuma ba komai ba ne a cikin shago. Sai mutum ya wuni a sunkuye cikin ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sannan bayansa zai gaya masa bambancin.

A kasuwanninmu kuwa, abin da mai saye ya fi cin karo da shi ba waɗannan ba ne. A gefe guda akwai manya: MS 382 mai cc 72.2 da kilowat 3.9, da tsofaffin samfuran Husqvarna irin su 61 da 272 XP, da kuma kakansu Stihl 070, mai cc sama da 105 da nauyin fiye da kilo 10, wanda masu tsaga katako a dazukan Kudu suka daɗe da sabawa da shi. Wannan na ƙarshe ba na itacen girki ba ne, saya wa mai daddatsa rassa shi kamar a ɗauko tirela ne don kai buhu biyu kasuwa. A ɗaya gefen akwai 'yan China masu lamba 5200 da 5800, masu cc 52 da 58, waɗanda ke zuwa da sunaye da launuka barkatai amma cikinsu kusan iri ɗaya ne.

Abin da ke kashe inji a Potiskum ba ƙarancin ƙarfi ba ne. Na farko ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iska cike take da ita, injin kuma yana zuƙar iska kamar mai tsere. Duk ƙurar da ta wuce matatar iska takan zama tamkar magagari a jikin fistin. A nan 455 yana da abin yabo, domin Husqvarna ya yi masa tsarin da fankar injin ke watsar da manyan ƙwayoyin ƙura kafin iska ta isa matata. 271 da 261 ma suna da makamancinsa. MS 250 da 'yan China matatarsu mai sauƙi ce, don haka tsabtace ta kowace yamma wajibi ne, ba sai inji ya fara tari ba.

Na biyu itacen kansa. Ƙirya da marke da aduwa da bagaruwa itatuwa ne masu tauri, idan suka bushe kuma sai su zama kamar ƙashi. Ga yashi da iska ta cusa cikin ɓawo, ga ginin gara a jikin duk kututturen da ya daɗe a kwance. Sarƙa mai haƙora masu kusurwa, wadda ke cinye gasar gudu a bidiyo, tana dakushewa nan da nan a irin wannan itace. Mai zagayayyun haƙora ba ta kai ta sauri ba, amma ta fi ta riƙe kaifi cikin datti, kuma ta fi sauƙin wasawa. Alamar kaifi a bayyane take: sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa, wadda ta dakushe kuwa gari. Mai aikin da ya ga gari ya ci gaba da dannawa, shi ne zai ƙona kuloci ya lalata ruwan zarto, gobe ya ce inji ba shi da kyau. Magagari mai kauri milimita 4.8 shi ne na sarƙar .325, na 5.2 ko 5.5 kuma na sarƙar 3/8. Ƙaramin inji mai kaifin sarƙa yana gaban babba mai dakusasshiya, wannan ba ya buƙatar musu.

Na uku, wanda ni kaina na ɗanɗana, mai ne. Waɗannan injuna irin na ƙaramin janareta ne da tsofaffin babura, fetur da man shafawa a tanki ɗaya suke haɗuwa. Manyan kamfanonin sun ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na mansu na musamman, wato mililita 20 a kowace lita. Yawancin 'yan China kashi 25 da 1 aka rubuta musu, wato mililita 40. Shekarun baya na saya wa wani ɗan'uwana inji, na aika masa a mota, na zauna ina jin na yi abin kirki. Bai cika wata ba fistin ya kama. Da na bincika, ashe fetur ɗin 'yan bumburutu yake saye a galan, ya tsiyaya masa man mota da ido, a tankin sarƙa kuma baƙin man da aka juye daga mota yake zubawa. Laifin nawa ne: na aika inji ban aika kwalbar awo ba, ban kuma zauna da shi na rabin sa'a ba. Baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke cinye famfon mai, kamfanonin kuma duk sun hana amfani da shi. Haɗaɗɗen fetur ma ba a son ya wuce wata guda a ajiye.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace nauyi: idan ya lalace, wa zai gyara, kuma da me? Sababbin injunan ƙwararru suna zuwa da kafireta mai ƙwaƙwalwar lantarki, M-Tronic a Stihl, AutoTune a Husqvarna, wadda ke daidaita mai da iska da kanta. Abu ne mai kyau inda dillali yake kusa da kayan gwajinsa. Bakaniken da ke gyaran janareta a bakin tasha kuwa da sukudireba ya san kafireta, kuma ya san ta sosai. Shi ya sa tsofaffin samfura masu kafiretar hannu suka ƙi barin kasuwannin Afirka. Haka ma ɗan China: ba ya da ƙarko, igiyar tayarwa da famfon mai da robobinsa kan riga sauran sassa mutuwa, amma kayan gyaransa suna da araha kuma na wannan yana shiga wancan. Akwai kuma bambancin gini: 261 da 382 da CS-590 gidan injinsu na ƙarfen magniziyam ne, suna jure buɗewa da sake ɗaurewa, 250 da 271 da 455 kuwa injinsu a cikin gidan roba yake zaune, an yi su ne don manomi, ba don wanda zai wuni yana yanka kwana shida a mako ba.

Jabu ma ya cika kasuwa. Launin ruwan lemo da suna a jikin murfi ba shaida ba ne. Inji sabo fil da aka ce na Jamus ne, ana sayar da shi a farashin ɗan China, to ɗan China ne da rigar aro, kuma gara mutum ya sayi wanda ya faɗi sunansa na gaskiya.

A nawa ganin, mai gona ko gidan da ke daddatsa rassa don girki, inji mai cc 45 zuwa 50 da ruwan zarto inci 16 ya ishe shi, kuma MS 250 na asali ya dace da wannan. Mai sana'ar da ke fama da busassun gungumen ƙirya ya tsallake zuwa cc 60 ko 70 mai kafiretar hannu. CS-590 inji ne nagari, amma kafin a biya kuɗinsa a tabbatar akwai inda za a sami fistin da kulocinsa a Kano, in ba haka ba ranar da ya tsaya sai ya zama kayan ado. Kada kuma a ɗaura wa ƙaramin inji dogon ruwan zarto don burgewa. Inci 18 yana raba gungumen da ya kusa ninka shi kauri idan aka yanka ta gefe biyu.

Sarƙar nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan saman bakin ruwan zarto ya taɓa itace, injin kan yi tsalle baya zuwa fuskar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Birkin sarƙa, wato marikin da ke gaban hannun hagu, don wannan aka yi shi, kuma shi ne abin da wasu ke cirewa idan ya karye su ci gaba da aiki. A gwada shi a shago, inji na kunne. Doguwar riga da rawani mai lilo da silifas ba kayan wannan aiki ba ne. Ƙarar ta haura desibel 100, mai yi ba toshin kunne zai biya da jinsa sannu a hankali. Hadimin da ya rubuta injuna 50 a kasafi bai rubuta hular kwano da takalmi da horon kwana biyu ba, raunuka ya raba wa mazaɓa.

Saura maganar da masu sayarwa ba sa tayarwa. Ƙiryar da ta shekara da shekaru tana girma, wadda mai gatari zai sha wuya kafin ya kayar, inji cikin mintuna yake kwantar da ita. Yobe na cikin jihohi 11 da aikin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya shafa, aikin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma da doka a 2015. Shirin ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, shi ma farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa yake nufi. A Yusufari da Yunusari da Machina tudun rairayi ba labari ba ne, mutane na ganinsa daga ƙofar gida. Ba ƙaramin abin kunya ba ne wani ofishi a Abuja yana biyan kuɗin dashe, wani a hawa na gaba yana raba abin sarewa ba sharaɗi. Gandun daji a hannun jihohi yake, sare bishiya mai rai kuma yana buƙatar izinin hukumar gandun daji. Wanda malamin daji ya kama ba takarda, har injin yana iya rasawa.

Amma inji matsakaici yana da aikin da ba ya cin daji. Darbejiya, wadda aka shigo da ita lardin Borno a ƙarshen shekarun 1920 kuma ta cika titunan Potiskum da makarantunta, idan aka rage mata rassa sai ta sake tofowa, bayan 'yan shekaru a sake ragewa. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a zaɓi 'yan tsiro masu ƙarfi a bar su su girma, a riƙa cire sauran ana girki da su. An ƙiyasta kadada miliyan 5 ta sake yin bishiyoyi ta wannan hanya, kuma itacen girki na fitowa daga gonar kowace shekara.

A irin wannan aiki rabon ya fito sarai. Mai adda ko gatari shi ke hawa ya sauke reshe, domin waɗannan injuna ba a hawa bishiya da su, ba a kuma ɗaga su sama da kafaɗa. Mai inji yana ƙasa, ya ɗora reshen a kan wani gungume don kada sarƙa ta taɓa yashi, ya daddatsa shi daidai bakin murhu, 'yan faskare su karɓa. Ɗanyen reshen darbejiya bai kai busasshiyar ƙirya cin sarƙa ba, tankin rabin lita yana yin aiki mai yawa a kansa, sai dai a jera shi a rana ya bushe sosai kafin a kai wa mai gidan burodi.