Buhun Gawayi da Ruwan Tiga

A kowane irin ciniki mutum biyu ake gani, mai saye da mai sayarwa. In sun shirya sai a ce albarka, kowa ya kama gabansa. Amma sau da yawa akwai na uku wanda ba ya wurin, ba a kuma nemi yardarsa ba, alhali kuwa shi ne zai biya wani kashi na kuɗin kayan. Kudancin Jihar Kano wuri ne da ake iya ganin wannan mutum na uku a fili.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos, ya wuce Tudun Wada ya nufi Doguwa, zai ratsa ta dajin Falgore. Tun zamanin Turawa aka keɓe wannan daji, sa'an nan a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Ta cikinsa Kogin Kano ke bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, a ƙasar Bebeji, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Watau dajin da madatsar kamar riga ne da wando, gama itatuwan daji ne ke riƙe ƙasar da ruwan ke bi ta kanta.

To, birnin Kano yana girki kullum, kuma duk lokacin da kananzir ko gas suka yi tsada sai a koma ga itace da gawayi. Mai ƙona gawayi kuwa ba kowane itace yake so ba. Masu tauri yake nema, irin su ƙirya da marke, har ma da kaɗanya in ya samu, waɗanda sukan yi shekaru da yawa kafin su girma. Ana sare itacen ɗanye, a jera shi, a binne da ƙasa, a sa wuta ta yi kwanaki tana ci a hankali. Abin da ke fitowa daga ƙarshe bai fi kashi ɗaya cikin biyar na nauyin itacen ba, sau da yawa ma bai kai ba. Saura ya tafi a hayaƙi.

Idan aka lissafa kuɗin buhu guda, za a ga ladan mai gatari, da kuɗin mota, da ribar dillali. Kuɗin itacen kansa ba ya ciki, don ba wanda ya dasa shi balle ya nemi haƙƙinsa. Ba kuwa daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan mai gatari; shi ne ya fi kowa shan wuya, shi ne kuma ya fi kowa samun kaɗan.

Bashin yakan fito ne da damina. Inda aka share itatuwa, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsai da shi har ya nutse. Sai ya kwashi ƙasar sama ya gangara da ita rafi, rafi ya kai kogi, kogi ya sauke ta a gindin madatsa. Kowace shekara laka na cin wurin da ruwa zai zauna. Ramukan haƙar kuza na Riruwai, waɗanda aka bari a buɗe da tulin ƙasa a bakinsu, su ma a saman wannan kogin suke.

Masu biyan bashin kuwa su ne manoman rani na Kadawa da Kura, waɗanda shinkafarsu da tumatirinsu suka dogara ga ruwan Tiga, da kuma mutanen birni masu shan ruwan famfo. Sai dai su ma manoman nan akwai mai binsu. Tun da aka tare kogin, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, ruwan rani da ake saki kuma ya ba ciyawar kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa. Masuntan can da makiyaya sun rasa wuraren su da kiwo masu yawa, su ne kuma suke shiga ruwa da lauje suna yankan kacalla, ta sake tsirowa.