Yaya inshorar mota take a jihar Michigan?

A Michigan ta Amurka, tilas ne mai mota ya yanki inshorar da ba ta neman mai laifi. In an yi haɗari, kamfanin inshorarka ne zai biya maka kuɗin asibiti. A da biyan ba shi da iyaka, shi ya sa inshorar ta yi ɗan karen tsada, musamman a Detroit.

Dokar 2019 ta ba direba zaɓi daga Yulin 2020, ciki har da kariya mara iyaka, ko ta dala 500,000, ko 250,000. Bayan wannan sauyi, a 2022 an mayar wa masu inshora dala 400 kan kowace mota. Sai dai wanda ya zaɓi kariya mai araha, in ya nakasa, kuɗin na iya ƙarewa yana tsakiyar jinya.