Na'urar Da Ke Hana Mota Juyawa A Kan Kwalta Mai Santsi

Daga Wakilinmu a Bosso, Minna

Ruwan farko na damina kan sauka a Minna cikin watan Afrilu, kuma shi ne ya fi kowane ruwa haɗari ga direba. Ƙurar rani da baƙin man da manyan motoci suka ɗiga su kan haɗu da ruwan su zama kamar sabulu a kan kwalta. Hanyar da ta ratsa Bosso ta bi Maikunkele ta nufi Zungeru da Tegina kuwa ba ta rabo da manyan motoci. Saboda haka 'yan'uwanmu na Agege da Sabon Ibadan da Shagamu, masu sayen mota tokumbo don zuwa gida, ga abin da ya kamata ku duba kafin ku biya kuɗi.

Da yawa daga cikin motocin nan suna ɗauke da wata na'ura mai hana mota juyawa. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Mercedes kuwa ESP, amma aikinsu ɗaya ne. Akwai ma'auni a kowace taya mai ƙidaya gudunta, wani a sitiyari mai lura da inda direba ya nufa, wani kuma a tsakiyar mota mai jin inda jikinta ya dosa. Kwamfuta na gwada waɗannan sau da yawa cikin sakan guda. In direba ya sha kwana gindin mota ya fara zamewa waje, sai ta kama birkin tayar gaba ta wajen kwanar ita kaɗai. In kuwa hancin motar ne ya ƙi bin kwana, sai ta kama tayar baya ta ciki, ta kuma rage wa inji ƙarfi. Direba komai gwanintarsa ba ya iya wannan, don feda ɗaya gare shi, in ya taka tayoyi huɗu ne ke kamawa.

Kamfanonin Bosch da Mercedes na Jamus suka fito da ita a 1995. A 1997 wata ƙaramar Mercedes ta kife wurin gwaji a Suwidin, abin ya zama abin kunya, kamfanin ya sa na'urar a duk irin motar. Amurka ta wajabta ta a ƙananan motoci tun daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014.

To, ga inda matsalarmu take. Na'urar ta dogara da ma'aunan birkin ABS, in ɗaya ya mutu ita ma ta kwanta, sai fitila mai hoton mota da layuka biyu karkatattu ta tsaya a kunne. Wasu masu sayar da mota, maimakon gyara, sai su cire ƙwan fitilar. A ganina wannan ha'inci ne da ran mutane. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: murɗa makulli kafin ka tayar da inji. Ya kamata fitilar ta kama, sa'an nan ta mutu bayan 'yan sakan. In ba ta kama ba sam, a kira makanike.

Har ila yau, na'urar ba ta ƙirƙiro riƙon da taya ba ta da shi. Tayar da ta suɗe ta kan hau kan ruwa kamar kwalekwale, birki ba shi da abin kamawa. Haɗa tayoyi masu girma dabam-dabam kuma yana rikita lissafin kwamfutar. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan kalmar DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.