Tallafin gwamnati ga masu ƙananan sana'o'i: Abin da ya kamata mai shago a Maitumbi ya sani

Maitumbi unguwa ce ta masu neman na kansu. Tana bakin garin Minna, cikin Ƙaramar Hukumar Bosso, kan hanyar da ke fita zuwa Gwada da Kuta da Shiroro, kuma duk wanda ya bi titin ya san abin da ke jere gefe da gefe: mai walda, mai faci, tela, mai injin markaɗe, 'yan tireda, masu POS a ƙarƙashin lema, matan da ke suyar ƙosai da awara. Irin waɗannan mutanen gwamnati ke nufi idan ta ce masu ƙananan sana'o'i. Ƙidayar da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa a 2020 akwai irin waɗannan sana'o'i kusan miliyan 40 a Najeriya, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne, sai ɗan yaron shago idan an samu.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin kowa ya rikice. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, ta tsallake 1,000 a Oktoban 2024. An saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ranar 5 ga Fabrairun shekarar, mata da matasa suka tare hanyar Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan yunwa, labarin ya karaɗe ƙasa. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024.

Ƙaramin ɗan kasuwa ta gaba da baya yake shan duka a irin wannan yanayi. Ya sayar da katan ɗin taliya da 'yar ribarsa, ya koma Kasuwar Kure zai saro wani, ya tarar uwar kuɗi da ribar duka ba su kai sabon farashi ba. Masu sayen nasa kuma aljihunsu ya yi sanyi, wanda ke sayen mudu ya koma gwangwani, littafin bashi ya cika. A haka jari ke narkewa mutum yana zaune a shago, bai yi almubazzaranci ba, ba a kuma yi masa sata ba.

To, abin da ake kira tallafi a rediyo ba abu ɗaya ba ne. Akwai kuɗin da ake bayarwa kyauta, akwai bashi mai sauƙin ruwa, akwai kuma sauƙin da ba ya zuwa ta asusun banki, kamar rage haraji da gyara wuta. Yawancin ɓacin ran da ake samu daga baya, daga cakuɗa na farko da na biyu yake tasowa.

A jawabinsa na 31 ga Yulin 2023, shugaban ƙasa ya yi alkawarin naira biliyan 50 kyauta ga masu sana'a mafi ƙanƙanta su miliyan ɗaya, kowa naira 50,000, wato mutum 1,300 a kowace ƙaramar hukuma. Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci ce ta riƙe shirin tare da Bankin Masana'antu, BOI, kuma sai a watan Afrilun 2024 aka fara ganin alat. An ce kaso mafi tsoka na mata da matasa ne, da wani kaso na masu buƙata ta musamman da tsofaffi. Yanzu a buga lissafi. Jihar Neja na da ƙananan hukumomi 25, rabonta kenan mutum 32,500. Mutum 1,300 na Bosso kuwa, Maitumbi za ta raba su da Maikunkele da Beji da Garatu da sauran mazaɓu. A faɗin ƙasa, mai sana'a ɗaya ne cikin kowane 40. Wanda bai samu ba kada ya ɗauka lalle wani ne ya danne masa. Tuwon ne bai kai yawan bakunan ba tun daga tukunya.

Wanda ya samu ma, kuɗin sun rame a hanya. Ranar da aka yi alkawarin, 50,000 na sayen litar fetur 81. Zuwa ƙarshen 2024 ba ta cika 50. Ga mai ƙosai, kuɗin na iya zama wake da man gyaɗa na 'yan makonni, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Ga mai walda da ke ƙona mai a janareta kullum, ba su wuce cefanen inji na kwanaki ba. Kyauta ce dai, ba a biya, kuma duk wanda ya ce a ba shi kaso kafin ya sa sunanka, cin haram yake yi da sunan gwamnati.

Bashin shi ne babba, shi ne kuma ya fi bukatar natsuwa. A jawabin nan an ware naira biliyan 75 don bai wa masu sana'a 100,000 rancen naira 500,000 zuwa miliyan ɗaya, a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari a shekara, a biya cikin wata 36. Don a gane rahusar, Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin shekarar 2024 kaɗai, abin da ya sa bankunan kasuwanci suka riƙa ba da bashi a wajen kashi 30. Wanda ya karɓi miliyan ɗaya a kan kashi 9 zai riƙa biyan kusan naira 31,800 duk wata har shekara 3. A kan kashi 30, biyan zai kai wajen 42,400. Rangwamen a bayyane yake. Tambayar da ta rage ta mai shago ce: bayan ka ci, ka biya haya da kuɗin makarantar yara, shagon na barin 31,800 a kowane wata, har da watan da kasuwa ta mutu? Idan amsar sai an yi dogon tunani, a nemi ƙasa da haka. Tela da zai sayi keken surfani saboda yana mayar da aiki don ba shi da shi, bashi zai yi masa rana. Wanda zai karɓa don ya biya wani bashin, ko ya yi hidimar biki, ya sayi rigima ne da rahusa.

Mun riga mun ga yadda abin ke ƙarewa. A 2020, lokacin kullen korona, Babban Banki ya buɗe rance na naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL, aka yi ta ƙara kuɗin saboda yawan masu nema. Jama'a da dama sun cika fom a shagon kwamfuta ba su karanta ko layi ɗaya ba, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. A shekarar ce kuma aka fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba mai bin bashi damar kwasar kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da lambar BVN ta wanda ya ci bashin. Shekaru bayan nan mutane suka wayi gari kuɗin sari sun shigo wani banki daban, kafin su je cirewa an zare. Babu wanda ya yi musu kutse, hannun da suka sa a takarda ne ya biyo su. A daidai lokacin akwai wani shirin na gwamnatin tarayya ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Yemi Osinbajo, wanda ya ba masu sana'ar hannu naira 30,000 kyauta, shi ya ƙara rikita mutane, suka ɗauka duk kanwar ja ce. Don haka tambaya ta farko ga duk mai kawo maka fom ita ce: wannan ana biya ko ba a biya? A nuna maka amsar a rubuce.

Akwai da yawa a cikinmu da ko kashi 9 ɗin ba za su taɓa ba saboda riba haramun ce, kuma bai kamata a mayar da su marasa wayo ba. A 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin da suka buɗe wa bankuna marasa ruwa ƙofar shiga shirye-shiryensa. Bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus na aiki da murabaha: banki ya sayi injin ko kayan, ya sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi a kanta, ka biya kaɗan-kaɗan. Ba lalle ya fi arha ba, kuma shi ma bashi ne da za a bi ka. Amma idan sabon shiri ya fito, hakkinka ne ka tambaya ko yana da ɓangaren da ba ruwa.

Abin da ya fi kayar da mutane tun kafin a kai ga zaɓen waɗanda za a ba shi ne takardu. Kusan kowane shiri yanzu ta intanet ake nema, kuma kwamfuta ba ta san uzuri ba. Mace ce sunanta Hauwa'u a katin ɗan ƙasa, Hauwa a BVN, Kulu a layin waya. Ko shekarar haihuwa ta bambanta. Ko layin da aka buɗe asusu da shi ya ɓace tun bara, saƙon tantancewa na tafiya inda ba ta gani. Wata kuma ta sa lambar asusun mijinta. Duk waɗannan kan sa a yar da fom ba tare da an gaya wa mutum dalili ba. Gyaran na cin lokaci, kuma shafin nema ba ya jira, saboda haka a yi shi tun babu labarin wani tallafi.

Kyautar 50,000 ba ta bukaci rajistar kasuwanci ba, amma bashi mai kauri na bukatar takardar hukumar CAC mai rajistar kasuwanci da asusun da ke nuna shige da ficen kuɗin sana'a. A nan ne ɗan kasuwarmu ke cutar kansa. Ciniki yake yi sosai, amma kuɗin na aljihu, rabi na wajen mai adashe, banki bai ga komai ba. Littafi na naira ɗari biyu ko uku da ake rubuta sari da ciniki da bashi kullum, da sabon tura kuɗin ciniki cikin asusu ɗaya, sun fi wasiƙar ɗan siyasa amfani a gaban jami'in banki. Rajistar sunan kasuwanci ma gwamnati kan yafe kuɗinta lokaci-lokaci. A 2020 an sanar da yi wa sana'o'i 250,000 kyauta. Rajista da SMEDAN ma na da amfani, don ta nan ake jin labarin horo da shirye-shirye da wuri. Haka shiga ƙungiyar sana'a mai rajista, ta teloli ko ta masu walda ko ta matan kasuwa, domin shirye-shiryen da ke bi ta hannun jihohi, irin NG-CARES da Bankin Duniya ya zuba wa dala miliyan 750, sun fi son mu'amala da jama'a a dunƙule.

'Yan damfara kuwa sun fi kowa sauraron labarai. Ana sanar da shiri da safe, da yamma saƙo na yawo a WhatsApp da hoton shugaban ƙasa, a danna nan, a tura wa mutum goma. Gwamnati ba ta tambayar lambar sirrin katin ATM, ba ta neman lambar da banki ya turo maka ta waya, ba ta karɓar kuɗin fom. Shafinta na ƙarewa da gov.ng, ko kuma ya zama na bankin da aka ambata a sanarwa.

A ganina, sauƙin da ba ya zuwa da alat shi ya fi taɓa Maitumbi, ko da yake ba shi ake yi wa biki ba. Tun dokar kuɗi ta 2019 aka cire wa kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfanoni. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, sun ɗaga wannan iyaka, sun kuma yafe harajin samu ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba. Sai dai mai tireda ba wannan harajin ke cizonsa ba. Tikiti ne: na shago, na allo, na shara, na lodi, na sauke kaya. A 1998 an yi dokar da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati ke da ikon karɓa, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Mai shago na da ikon ya tambayi sunan harajin da hukumar da ta aiko, ya kuma ƙi biya ba rasit. Mutum ɗaya idan ya yi wannan tambaya ana iya kulle masa shago, ƙungiya idan ta yi sai a zauna da ita.

Sai wuta. Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga Jebba a kan iyakarta da Kwara, kuma titin da ya ratsa Maitumbi shi ne ke kai mutum Shiroro. Duk da haka mai sayar da ƙanƙara da zoɓo kan kwana yana sauraron ko firji zai yi ƙara, mai walda kuma ya tara aikin ƙofofi yana jiran a kawo, idan an kawo da ƙarfe biyun dare ya tashi ya kama aiki. Awa 8 na tsayayyiyar wuta da rana za su bar wa mai markaɗe kuɗin da suka ninka 50,000 cikin 'yan watanni. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, saboda haka yanzu maganar ba ta Abuja kaɗai ba ce, ta shiga cikin abin da za a tambayi Gwamna Umaru Bago da 'yan majalisar jiha. Haka tsaron ƙauyukan Shiroro da Munya: duk manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, doya ce ta ragu a kasuwar Gwada, mai saye ne kuma ya ragu a shagunan bakin titi.

Wanda ya riga ya ci bashin gwamnati kuma biya ya gagara, kada ya canza layi ya ɓuya, don BVN ba ta canzuwa, kuma sunan da ya shiga rajistar masu taurin bashi da wuya ya samu wani rancen a wani wuri. Ya je reshen bankin da ƙafarsa, ya nemi a buga masa abin da ya biya da abin da ya saura, ya roƙi a sake tsara masa biyan daidai ƙarfinsa, ya kuma karɓi takardar sabuwar yarjejeniyar ya adana.