Yadda Kanikawan Maiduguri Ke Tsawaita Ran Motocin Yashi

Duk matafiyin da ya bar Maiduguri ya nufi arewa, ya wuce Gubio ko Monguno, har ya saki kwalta ya faɗa rairayin da ke tsakanin Kukawa da Malam Fatori, ya san cewa a can ba kyan fenti a ke tambaya ba, lafiyar inji a ke tambaya. Idan mota ta mutu a tsakiyar gari, asarar mai ita ba ta wuce kuɗin keke mai ƙafa uku da zai kai shi gida ba. Amma idan ta mutu a wannan daji, inda babu inuwa, babu rijiya, ga kuma rashin tsaron da ya addabi yankin tun shekarar 2009, to, magana ta tashi daga ta aljihu ta koma ta rai.

Mota mai ja da ƙafa huɗu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Borno. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita ce ta riƙa ɗaukar ma'aikatan En'e, da malaman asibiti, da malaman dabbobi masu allurar bushiya zuwa ƙauyukan bakin Tafkin Chadi, kuma a ƙarshen shekarun 1970 har harhaɗa ta aka yi a kamfanin Leyland da ke Ibadan. Daga baya Toyota ta ƙwace filin da Land Cruiser da Hilux. Sunanta ya ƙara fitowa a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a cikin hamada bisa waɗannan ƙananan motoci, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Ko da ya ke an ƙera su domin wahala, ba a ƙera su domin sakaci ba.

Babban abokin gabar inji a wannan ƙasa shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ya kan rufe sararin sama, sa'an nan ga wadda tayoyi ke tayarwa, musamman idan motoci suna tafiya a jere, ta baya tana shaƙar ta gaba. Wannan ƙura kuwa ba gari ba ce mai laushi kamar yadda ido ke gani. Ɓarɓashin yashi ne mai kaifi. In ta sami hanya ta shiga inji, sai ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta riƙa cin ringi da bangon silinda a hankali, har ran da direba zai ga motarsa tana shan mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, ya rasa dalili.

Sabo da haka ƙwararren bakanike ba ya fara sabis sai ya buɗe matacin iska. A tsohuwar Land Rover matacin wani kwano ne da a ke zuba wa mai, iska ta bi ta kansa, ƙura ta maƙale ta kwanta a ƙasa; aikinsa kawai a zubar da laka, a wanke, a sake mai. Na zamani na takarda ne, kuma a nan ne yaran gareji ke yin ɓarna ba tare da sun sani ba. Sai ka ga yaro ya ɗauki mataci yana buga shi da bango, ko ya sa masa iskar famfo mai ƙarfi ta waje. Bugun ya kan yaga takardar, hurawa ta waje kuma ta kan ƙara tura ƙurar ciki. Ƙa'ida ita ce a hura a hankali daga ciki zuwa waje, a ɗaga shi a hasken rana a duba ko akwai huji, in kuwa akwai, komai ƙanƙantarsa, a jefar. Mataci mai huji ya fi toshasshe haɗari, domin toshasshe ya kan nuna kansa da baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, mai huji kuwa shiru ya ke yi yana kisa.

Sai maganar juye. Ga motar gas da ke aiki cikin ƙura da zafi, abin da aka saba shi ne a juye baƙin mai tare da matacinsa a kowace kilomita 5,000. To, amma akwai abin da agogon mota ba ya ƙirgawa. A shekarun da aka riƙa bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru-Ngala da rakiyar sojoji, mota ta kan yi sa'o'i a tsaye tana jiran ayari ya tashi, inji na aiki, na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Haka motocin ƙungiyoyin agaji da suka cika birnin. Agogo bai motsa ba, alhali kuwa man yana ta tsufa. Mai hankali ya kan rage tazarar juyensa, ba ya jiran lamba ta cika.

Injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda ya fito a 1990, ya kan ci wajen lita 10 a juye ɗaya. Kuɗi ne masu yawa, shi ya sa wasu ke komawa ga man da a ke aunawa daga duro a bakin hanya, wanda babu mai iya cewa ga asalinsa. Araha dai ba ta ado. Abin da aka rage a juye goma ba zai biya rabin kuɗin sauke inji ɗaya ba.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri ya kan haura digiri 40, kuma tafiya cikin yashi da ƙaramar giya ita ce mafi tsanani ga lagireto, don inji na ihu, mota na rarrafe, iskar da za ta sanyaya shi ba ta shigowa. A nan akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejin ƙasar nan, watau cire bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa da zarar mota ta fara zafi, wai na ƙasar Turawa ne masu sanyi. Wannan kuskure ne. Bawul ɗin aikinsa ya sa inji ya kai zafin da ya dace da wuri ya tsaya a kai. In babu shi, da asubahin hunturu inji zai daɗe yana aiki da sanyi, ya ƙara shan mai, ya ƙara cinyewa. Ainihin ciwon galibi yana wani wuri: lagireton da gishirin ruwan burtsatse ya toshe, ko fambel da ya saki, ko marfin da ya daina riƙe matsi, ko ciyawa da ƙaiƙayi da suka liƙe a gaba.

Saitin inji kuwa, shi ne inda a ke bambanta bakanike da mai ɗaure noti. Tsofaffin da suka koyi aiki a kan Land Rover mai injin fetur na lita 2.25 sun san tazarar tafet ɗinta, milimita 0.25, kamar yadda suka san sunayen 'ya'yansu. Su kan goge kwantak, su daidaita taimin, su duba launin filogi: in ya yi baƙi da kunkunniya fetur ya yi yawa, in ya yi fari fat ya yi kaɗan, in ya yi ruwan ƙasa saiti ya zauna. Sa'an nan su murɗa kafireto suna saurare da kunne. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, wannan tsohon ilmi ya sake daraja.

A injin gas babu filogi mai tartsatsi, babu kafireto. Famfon mai ne da nozul. Direbobi da dama su kan matsa wa bakanike ya ƙara buɗe wa famfon mai domin mota ta ja a yashi. Za ta ja ɗin, amma da baƙin hayaƙi da zafin da ke iya tsaga kan inji. Abin da ya fi wannan amfani bai kai shi tsada ba: a rage iskar taya kafin shiga rairayi, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matacin gas, ballantana ga mai sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu, kuma a canja bel ɗin taimin a kan kari. A tsofaffin samfura akwai fitilar da ke kamawa a kilomita 100,000 domin tunatarwa. Akan sami masu kashe fitilar su bar bel ɗin, ran da ya tsinke kuwa fistin da bawul ne za su yi karo. Sababbin motoci masu kwamfuta sun fitar da kunne daga aikin, sai an jona na'ura ta karanta ciwon, kuma ba sa haƙuri da gurɓataccen mai kamar na da.

Ruwa ma ya ba da nasa darasin. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya mamaye Gwange, da Kasuwar Monday, da kewayen fadar Shehu, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Motoci da yawa sun kwana a ruwa. Da ya janye, waɗanda suka yi gaggawar murɗa makulli su ne suka fi asara, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya cika silinda fistin ya taso, sandar da ke riƙe da shi ce za ta lanƙwashe. Waɗanda suka yi haƙuri aka jawo motocinsu gareji, aka cire filogi ko nozul, aka juya inji ya tofar da ruwan, aka zubar da man da ya koma fari kamar kunu, aka sake na giya da na ƙafafun gaba da baya. Irin wannan dubawar ce ta wajaba ga duk motar da ta dawo daga ƙasar firgi ta Dikwa da Marte da damina, inda laka ke kama taya har gindin ƙofa, ko da kuwa inji bai nuna alamar komai ba.